Girgizar da Ke Biyo Bayan Girgizar Ƙasa: Me Sunan Yake Nufi, Kuma Me Ya Sa Yake Ruɗar da Jama'a?

Idan aka ba da labarin girgizar ƙasa a wani yanki, sannan bayan 'yan sa'o'i aka ƙara da cewa "an samu ƙananan girgize-girgize da suka biyo baya", me ya kamata mai sauraro ya fahimta? Ana nufin masifar ta wuce ne, abin da ya rage kawai ƙasa ce take sauke numfashi, ko kuwa ana nufin tsugune ba ta ƙare ba? Wannan tambaya tana dawowa duk lokacin da babbar girgiza ta afku, kamar yadda ta dawo a watan Fabrairun 2023 bayan bala'in Turkiyya da Siriya, da kuma a watan Satumbar shekarar bayan na Maroko. Mutane da yawa suna ɗaukar kalmar a matsayin albishir, wato alamar cewa mafi muni ya riga ya wuce, alhali a wurin masana ilimin girgizar ƙasa ma'anarta ba ta ɗauke da wannan alkawari ko kaɗan. Tazarar da ke tsakanin abin da masani yake nufi da abin da mai sauraro yake ji ta taɓa jawo asarar rayuka, har ta kai wata hukumar gwamnati ta daina amfani da kalmar a sanarwarta, shi ya sa batun ya cancanci a warware shi daki-daki.

Ma'anar kalmar

Turanci yana da kalma guda ɗaya tak ga wannan abu, wato "aftershock", Japananci ma yana da tasa, "yoshin", wadda ke nufin ragowar girgiza. A Hausa kuwa ba mu tsayar da kalma ɗaya ba, sai dai mu yi bayani da jimla: wani ya ce ƙaramar girgiza, wani ya ce girgizar da ta biyo baya, wani kuma ya ce motsin ƙasa. A wannan rubutu zan kira ta girgizar biyo-baya, babbar da ta haife ta in kira ta uwar girgiza, wadda ta riga uwar zuwa kuma in kira ta girgizar share-fage.

Masana suna kiran girgiza da sunan biyo-baya idan ta cika sharuɗɗa uku. Na farko, ta zo bayan wata girgiza da ta fi ta ƙarfi. Na biyu, ta afku a kusa da inda waccan ta afku, yawanci a kan tsagar dutsen da ta motsa ko a tsagogin da ke maƙwabtaka da ita, cikin nisan da bai wuce tsawon tsagar sau ɗaya ko sau biyu ba. Na uku, ta zo a lokacin da yawan girgiza a yankin bai koma yadda yake kafin uwar girgizar ba. Duk wanda ya duba waɗannan sharuɗɗa da kyau zai ga cewa babu inda aka ce dole ta kasance mai rauni. Abin da aka ce shi ne uwarta ta fi ta, kuma idan uwar ta kai maki 9 a ma'aunin ƙarfin girgizar ƙasa, to 'yarta tana iya haura maki 7, wanda a kan kansa ya isa ya rushe birni. Haka aka gani a Japan ranar 11 ga Maris 2011, inda cikin sa'a guda bayan girgizar Tohoku mai maki 9 aka samu biyo-baya fiye da ɗaya da suka haura maki 7.

Wani abin da ya kamata a riƙe shi ne, a ƙarƙashin ƙasa babu bambanci tsakanin girgizar biyo-baya da kowace irin girgiza. Dutse ne yake zamewa a kan dutse, igiyar jijjiga ta bazu, gini ya kaɗa. Na'urar da ke auna girgiza ba ta rubuta wata alama ta musamman da za ta nuna cewa wannan uwa ce, wannan 'ya ce. Sunan yana bayyana matsayin girgizar ne a cikin jeri, da dangantakarta da wadda ta gabace ta, kamar yadda kalmar ƙane take bayyana matsayin mutum a gidansu ba tare da ta faɗi tsayinsa ko ƙarfin damtsensa ba.

Sunan da ba ya tabbata sai bayan ƙura ta lafa

A nan ne ruɗanin ya fi yawa. Tunda uwar girgiza ita ce mafi girma a cikin jeri, ba za a iya sanin wacce ce uwar ba sai jerin ya ƙare. Duk sunan da aka raɗa a ranar farko na wucin gadi ne, domin idan wata ta zo gobe ta fi ta jiya ƙarfi, sai ta jiyan ta koma share-fage, sabuwar ta karɓi sunan uwa. Hausawa suna cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, amma a sha'anin girgizar ƙasa wannan magana ba ta aiki, domin har yau ilimi bai gano wata alama da za ta bambance girgizar share-fage da sauran girgiza a lokacin da take faruwa ba. Ranar 9 ga Maris 2011 an yi girgiza mai maki 7.3 a tekun arewa maso gabashin Japan, kowa ya ɗauke ta a matsayin babbar girgiza mai zaman kanta, sai bayan kwana biyu aka gane cewa share-fage ce kawai. A Chile ma, girgiza mafi ƙarfi da aka taɓa aunawa a tarihi, ta ranar 22 ga Mayu 1960 mai maki 9.5, ta zo ne kwana ɗaya bayan wata babbar girgiza ta afka wa yankin Concepción.

Misalin da ya fi fito da haɗarin kalmar fili shi ne na Kumamoto, a kudancin Japan. Da misalin ƙarfe 9:26 na daren 14 ga Afrilu 2016 girgiza mai maki 6.5 ta afka wa yankin, ta rusa gidaje a garin Mashiki, mutum 9 suka rasu. Hukumar kula da yanayi ta Japan, wadda ita ce ke da alhakin sanarwar girgizar ƙasa a can, ta gargaɗi jama'a su yi hattara da girgizar biyo-baya. Gargaɗin daidai yake a bisa ilimi, amma abin da kunnen jama'a ya ɗauka shi ne duk abin da zai zo nan gaba ba zai kai na daren jiya ba. Washegari wasu da suka kwana a fili da wuraren fakewa suka koma gidajensu, suka share fasassun gilasai, suka tayar da kayan da suka faɗi, suka shimfiɗa wurin kwana a ƙarƙashin rufin da ya riga ya jigata. Da ƙarfe 1:25 na daren da ya wayi 16 ga wata, wato kimanin sa'o'i 28 bayan ta farko, girgiza mai maki 7.3 ta zo, ta danne gidajen da suka tsira a karon farko, kuma akasarin mutum 50 da girgizar Kumamoto ta kashe kai tsaye a wannan dare suka rasu. Bayan 'yan watanni hukumar ta sauya salon sanarwarta: a kwanakin farko bayan babbar girgiza ta daina cewa a kula da "yoshin", ta koma cewa a yi tsammanin girgiza mai ƙarfi irin wadda aka gani, ko ma wadda ta fi ta. A ganina wannan mataki ne na hikima, kuma darasi ne ga duk mai isar da labari, ko da wane harshe yake aiki.

Wajibi ne kuma a faɗi ɗaya ɓangaren, don kada gyaran ruɗani ya haifi firgici. Yawancin lokaci girgizar farko ita ce uwar. Ƙididdigar da hukumar binciken ƙasa ta Amurka take bayarwa ita ce, a kusan girgiza 1 cikin 20 ne ake samun wadda ta fi ta girma ta biyo baya a kusa cikin mako guda. Wannan adadi ƙarami ne idan ana maganar caca, amma ba ƙarami ba ne ga wanda zai kwantar da 'ya'yansa a ƙarƙashin bango mai tsaga.

Me ke haddasa ta a ƙarƙashin ƙasa?

Ɓawon duniya ba dunƙulalle ba ne, manyan falale ne na dutse da ke motsi a hankali, 'yan santimita kaɗan a shekara. A inda suka haɗu, ko a inda akwai tsohuwar tsaga a cikinsu, gefunan dutsen suna cije da juna, matsi yana taruwa shekara da shekaru, har ranar da ya fi ƙarfin cijewar, sai dutsen ya zame a cikin daƙiƙoƙi. Wannan zamewa ita ce girgizar ƙasa. To amma tsagar ba ta zamewa daidai wa daida a ko'ina. Wani sashe yana iya gusawa mita biyar, wani mita ɗaya, wani kuma ya ƙi motsi sam, kuma nauyin da sashen da ya zame ya sauke ba ɓacewa yake yi ba, komawa yake kan sassan da suka tsaya da kuma bakin tsagar biyu inda yagewar ta ƙare. Abin ya yi kama da mutane goma da suka ɗauko gungumen itace a kafaɗa: idan uku suka saki ba zato, nauyin yana komawa kan bakwai ɗin da suka rage, kuma wanda dama ƙafarsa take rawa shi ne zai fara durƙushewa, durƙushewarsa kuma ta ƙara wa na kusa da shi nauyi.

Wannan ne ya sa girgizar biyo-baya take haifar da nata 'ya'yan. Kowace girgiza, komai ƙanƙantarta, tana sake raba matsi a kewayenta, don haka babbar biyo-baya tana iya buɗe sabon jeri a cikin tsohon jeri. Akwai kuma dalilan da suke sa abin ya ɗauki lokaci maimakon ya ƙare a rana ɗaya. Wasu sassan tsagar suna ci gaba da silalewa a hankali na tsawon watanni ba tare da jijjiga ba, suna tura nauyi ga maƙwabtansu. Ruwan da ke cikin ƙofofin dutse a can ƙasa yana sauya wuri bayan girgiza, kuma inda matsinsa ya ƙaru yana sassauta cijewar tsaga. Dutse mai zafi da ke can ƙarƙashin ɓawon shi ma yana miƙewa sannu a hankali na tsawon shekaru, yana mayar da nauyi zuwa sama.

Ƙa'idojin da masana suke dogara da su

Duk da cewa babu mai iya faɗin ranar da wata girgiza za ta zo, jerin biyo-baya gaba ɗayansa yana da tsari, kuma yana cikin abubuwan da aka fi iya ƙiyastawa a wannan fanni. Wanda ya fara gano tsarin shi ne Fusakichi Omori, masanin Japan, wanda ya bi diddigin girgize-girgizen da suka biyo bayan babbar girgizar Nobi ta 1891, ya wallafa sakamakonsa a 1894. Abin da ya gano shi ne yawansu yana raguwa ne daidai da yadda lokaci yake tsawaita: a bisa kusanci, rana ta biyu tana samun rabin na ranar farko, rana ta goma kashi ɗaya cikin goma, rana ta ɗari kashi ɗaya cikin ɗari. Wani masanin Japan, Tokuji Utsu, ya gyara lissafin a 1961, kuma da shi ake aiki har yau. Ma'anar wannan ga mai zama a yankin ita ce haɗarin ya fi tsanani a sa'o'in farko da kwanakin farko, yana sauka da sauri, sannan ya ja doguwar jela wadda ba ta yankewa farat ɗaya.

Ƙa'ida ta biyu ta Beno Gutenberg da Charles Richter ce, kuma ta shafi girma: duk lokacin da aka sauko da maki ɗaya, yawan girgizar yana ninkawa kusan sau 10. Idan jeri ya samar da guda 1 mai maki 6, ana sa ran kusan 10 masu maki 5 da kusan 100 masu maki 4. Ta uku ita ce ta Markus Båth, masanin Suwidin, wadda ta ce a matsakaici biyo-baya mafi girma tana gaza uwarta da kimanin maki 1.2. Kalmar "a matsakaici" tana da muhimmanci a nan, domin jeri da yawa suna saɓa wa wannan adadi ta sama ko ta ƙasa.

Idan aka haɗa ƙa'idar farko da ta biyu, sai wani abu ya fito wanda jama'a ba su cika sani ba. Abin da ke raguwa da lokaci shi ne yawan girgizar, girmanta kuwa ba ya bin wannan raguwa. Ba a jere suke zuwa daga babba zuwa ƙarama kamar matakalar bene ba. Ana iya shafe makonni ana jin 'yan ƙanana, har mutane su saki jiki, sannan mafi girmansu duka ta iso. A Nepal, girgizar 25 ga Afrilu 2015 mai maki 7.8 ta kashe kusan mutum 9,000, kuma sai ranar 12 ga Mayu, bayan kwana 17, lokacin da kasuwanni suka fara buɗewa, biyo-baya mai maki 7.3 ta zo ta kashe wasu fiye da 100.

Akwai kuma wata fahimta da ta yaɗu, cewa ƙananan girgize-girgize alheri ne domin suna rage matsin da zai haifi babba. Lissafi bai goyi bayan wannan ba. Ƙarin maki ɗaya yana nufin ƙarfin da aka saki ya ninka kusan sau 32, ƙarin maki biyu kuma kusan sau 1,000. Ke nan sai an yi girgiza mai maki 5 har sau 1,000 kafin a saki ƙarfin da guda ɗaya mai maki 7 take saki, alhali masu maki 5 da ake samu a kan kowace mai maki 7 ba su wuce kusan 100 ba. Ƙananan ba su isa su biya bashin babba ba, kuma kowace ɗaya daga cikinsu tana ɗan ƙara yiwuwar wata ta biyo ta na ɗan lokaci.

Ƙarama a ma'auni, babba a ɓarna

Makin da ake faɗa a labarai yana auna ƙarfin da aka saki ne a can inda dutse ya zame. Abin da ke rusa gida kuwa shi ne tsananin jijjigar da ta iso ƙarƙashinsa, kuma wannan ya dogara da nisa, da zurfi, da irin ƙasar da aka yi gini a kai, da halin da ginin yake ciki. Birnin Christchurch na New Zealand ya ga wannan bambanci da idonsa. Ranar 4 ga Satumba 2010 girgiza mai maki 7.1 ta afku kimanin kilomita 40 yamma da birnin, da asuba, lokacin da tituna ba kowa, ta yi ɓarna mai yawa a dukiya amma gini bai danne kowa ya mutu ba. Ranar 22 ga Fabrairu 2011, bayan fiye da wata biyar, wata mai maki 6.3 ta zo, wadda masana da yawa suke lissafa ta cikin biyo-bayan ta farko. Wannan karon cibiyarta tana dab da birnin, zurfinta bai wuce kimanin kilomita 5 ba, kuma ta zo da ƙarfe 12:51 na rana, ofisoshi da tituna cike da jama'a. Mutum 185 suka rasu, 115 daga cikinsu a gini ɗaya. A takarda ita ce ƙarama, a maƙabarta kuwa ita ce babba.

Dalili na biyu shi ne biyo-baya ba ta samun gini yadda uwarta ta same shi. Ginshiƙin da ya sha jijjigar farko yana iya tsayawa, amma kankarensa ya tsattsage daga ciki, rodinsa ya lanƙwashe, mahaɗar da ke tsakaninsa da dakalin bene ta saki. Daga waje fenti ne kawai ya ɗan ɓare, wataƙila da wata siririyar tsaga mai siffar gicciye a jikin bango, ƙofa kuma ta fara cijewa idan za a rufe ta. Irin wannan gini jijjigar da ba za ta kayar da kofi daga kan tebur a lafiyayyen gida ba tana iya kawo ƙarshensa. Ranar 20 ga Fabrairu 2023, mako biyu bayan babbar girgizar Turkiyya, wata mai maki 6.3 ta afka wa lardin Hatay, ta ƙarasa gine-ginen da suka rage a tsaye, kuma cikin waɗanda ta rutsa da su akwai mutanen da suka shiga gidajensu da suka lalace don ɗauko kaya.

Inda masana suka saɓa

Ba kowace girgiza ce take shiga cikin waɗannan sunaye uku cikin sauƙi ba. Ranar 6 ga Fabrairu 2023, girgiza mai maki 7.8 ta afku da ƙarfe 4:17 na asuba a kudancin Turkiyya, bayan kimanin minti 11 wata mai maki 6.7 ta biyo, wadda babu mai jayayya cewa biyo-baya ce. Amma bayan sa'o'i 9 sai ga wata mai maki 7.5 a kusa da Elbistan, kimanin kilomita 95 daga ta farko, kuma a kan wata tsaga dabam. Wasu masana sun kira ta biyo-baya, tunda ta gaza ta farko kuma ta farkon ce ta tunzura ta. Wasu sun ce girgiza ce mai zaman kanta, tagwaye ce da ta farko, domin ta yaga tata tsagar kuma ta haifi nata jerin. Duka ɓangarorin biyu sun yarda a kan abin da ya faru a ƙarƙashin ƙasa, saɓaninsu a kan inda za a ja layi ne, kuma wannan ya nuna cewa kalmar yarjejeniya ce ta masu ilimi, dutse bai san da ita ba. A lardin Herat na Afghanistan kuwa, a watan Oktoban 2023, girgiza huɗu masu maki 6.3 suka zo cikin kwana tara, babu wadda za a nuna a ce ita ce uwa.

Akwai kuma jerin da ke zuwa kamar jerin gwano, ƙanana da matsakaita masu yawa na tsawon makonni ko watanni ba tare da babba a gaba ba. Yawancin irin wannan jeri yana lafawa ba tare da wani abu ya faru ba, amma ba kullum ba. A L'Aquila ta Italiya an shafe watanni ana jin irinsa, aka yi taron masana, wani jami'in gwamnati ya fito ya kwantar wa jama'a hankali har ya nuna cewa ƙananan girgizar suna rage matsi, sannan ranar 6 ga Afrilu 2009 girgiza mai maki 6.3 ta kashe fiye da mutum 300. A 2012 kotu ta yanke wa masana shida da jami'in hukuncin ɗauri, a 2014 kotun ɗaukaka ƙara ta wanke masanan ta bar jami'in da ragaggen hukunci. Mutane da yawa sun ɗauka an hukunta su ne don sun kasa hasashen girgiza, alhali abin da shari'ar ta fi mayar da hankali a kai shi ne irin maganar da aka faɗa wa jama'a.

Abin da ya shafi mutumin da ke wurin

Ga wanda girgiza ta rutsa da shi, wannan duka yana komawa ga tambaya ɗaya: in koma cikin gida ko in kwana a waje? Babu amsa mai sauƙi, domin sau da yawa gaba kura ce baya sayaki. A Turkiyya da Siriya girgizar ta zo a tsakiyar hunturu, wanda ya ƙi shiga gida sanyi yana jiransa a waje. A Kumamoto dubban mutane sun koma kwana a cikin motocinsu saboda tsoron biyo-baya, zaman wuri ɗaya ya jawo wa wasu daskarewar jini a jijiyoyin ƙafa, kuma a ƙarshe waɗanda wahalar gudun hijira da rashin lafiya suka kashe sun haura 200, wato sun ninka waɗanda girgizar ta kashe kai tsaye sau huɗu. Saboda haka ne ƙasashen da suka saba da girgiza suke tura injiniyoyi su duba gine-gine cikin gaggawa, su manna takarda a ƙofa: koriya idan ana iya shiga, rawaya idan sai da taka-tsantsan, ja idan an hana. Wannan takarda ta fi kowane ƙiyasi amfani ga mai gida, domin tana magana ne a kan bangonsa shi kansa.

Masu aikin ceto su ne suka fi kowa shiga haɗarin. Sa'o'in da ake da begen samun mutane da rai a ƙarƙashin ɓaraguzai su ne kuma sa'o'in da biyo-baya ta fi yawa. A Turkiyya, inda aka ƙidaya fiye da 10,000 cikin makonni uku, an sha ganin ma'aikaci ya ɗaga hannu, a kashe injuna, jama'a su yi tsit, ya sunkuya bakin rami ya yi kira ko akwai mai jin muryarsa, kowa ya kasa kunne, sannan ƙasa ta motsa, a janye kowa da gudu, a jira ƙura ta kwanta a sake komawa.

Akwai kuma abin da jerin yake yi wa zuciya. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu: mutanen da suka shafe makonni ƙasa tana motsi a ƙarƙashinsu sukan ji jiri da jijjiga ko da babu abin da ya motsa, barci ya ƙaurace musu, yara su ƙi shiga ɗaki. A irin wannan hali ne jita-jita take samun kasuwa, musamman saƙonnin da ke yawo a kafofin sada zumunta suna cewa babbar girgiza za ta zo ranar kaza da ƙarfe kaza. Duk saƙon da ya ambaci rana da sa'a ƙarya ne, ko da an jingina shi ga wata hukuma. Abin da hukumomin gaskiya suke fitarwa ƙiyasi ne na yiwuwa, misali kashi kaza cikin ɗari na samun girgiza mai maki kaza cikin mako mai zuwa, kuma suna sabunta shi yayin da jerin yake tafiya.

Ga masu fassara labarai zuwa Hausa, shawarata ita ce a rage gaggawar saka kalmar "ƙarama". Idan aka ce "wata girgiza mai maki 6.7 ta biyo baya", an faɗi gaskiya cikakkiya, an bar mai sauraro ya auna da kansa. Idan aka ce "ƙaramar girgiza", an ƙara hukuncin da asalin labarin bai yanke ba.

Yaushe ake daina kiran ta biyo-baya?

A bisa ƙa'ida, jerin yana ƙarewa ne ranar da yawan girgiza a yankin ya koma yadda yake a da, kuma wannan ya dogara da girman uwar da kuma yanayin yankin. Matsakaiciyar girgiza tana iya gama nata cikin makonni, babba kuwa tana ɗaukar shekaru. A wuraren da ke nesa da bakin falalen dutse, inda girgiza ba ta cika faruwa ba, jelar tana iya yin tsawo ƙwarai, har wasu masana suna ganin ƙananan girgizar da ake ji yau a yankin New Madrid na tsakiyar Amurka ragowar manyan girgize-girgizen 1811 da 1812 ne, ko da yake wasu sun musanta, suna cewa sabon matsi ne yake taruwa. Bambancin yana da tasiri, domin a kansa ake gina ƙiyasin haɗarin gaba da dokokin gini.

Ranar 13 ga Fabrairu 2021, wata ɗaya kafin cika shekara 10 da bala'in Tohoku, girgiza mai maki 7.3 ta afku a tekun Fukushima, hukumar kula da yanayi ta Japan ta ce biyo-bayan ta 2011 ce, abin da ya ba mutane da yawa mamaki. Daga watan Afrilun wannan shekara hukumar ta daina jingina girgize-girgizen yankin ga ta 2011, saboda bayan shekara 10 ya yi wuya a rarrabe wacce ce ragowa wacce ce sabuwa, kuma saboda sunan yana sa jama'a su raina abin da ke gabansu. Da wata mai maki 7.4 ta zo a wannan teku cikin daren 16 ga Maris 2022, ta katse wutar lantarki ga gidaje fiye da miliyan biyu, ta kuma sauke jirgin ƙasa mai gudun tsiya daga kan layinsa, sanarwar hukumar girgizar ƙasa kawai ta kira ta.